Data ta ƙara kuɗi amma da an idar da isha'i sabis ya kwanta, me ke faruwa ne?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya ga masana harkar sadarwa da ke cikinmu don abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data aka ce mana don a gyara sabis ne, to mun ji mun biya, amma har yau a nan Rigasa ta Kaduna da an idar da sallar isha'i shikenan netwok ya kwanta, bidiyon minti biyu sai ya yi ta juyawa, ga sandunan sabis a cike ga 4G a rubuce amma babu abin da ke motsi. Ƙarfe uku na dare kuwa sai ka rantse layi aka canza maka. Da gangan suke shaƙe mu don mu koma sayen datar dare ko kuwa yaya abin yake?

Maman Ilham:
Wa'alaikumussalam. Wlh ka riga ni a baki ne ƙanina. Ni atamfa da leshi nake sakawa a status kuma kwastomomina duk sai sun sallami yara sun gama da kicin suke buɗe waya, daidai lokacin da hoto ɗaya ba ya tafiya kenan. Nan Tudun Wada ma haka muke fama.

Injiniya:
Ɗan Rigasa ba sai sun shaƙe ku da gangan ba, yawanku ne ke shaƙe ku. Sandunan nan da kake gani a saman waya ƙarfin siginal kawai suke nuna maka, wato wayarka na jin ƙarfen sabis ɗin unguwarku da kyau, ba sa faɗa maka mutum nawa ne kuka rataya a jikinsa a lokacin. Kowane ƙarfe yawanci an raba shi fuska uku, kowace fuska akwai iyakar abin da za ta iya ɗauka a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wanda ke wannan ɓangaren da shi ake rabawa. A ce fuskar da ke kallon layinku tana ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa, misali nake bayarwa, in ku 20 ne ke jan bidiyo kowa ya samu 5 lafiya lau, in kuka zama 200 kowa rabin megabit ne rabonsa, to da rabin megabit wane TikTok za ka kalla. Rigasa kuma kowa ya san cikarta, da rana mutane sun watse Kasuwar Gumi da Kakuri da ofisoshi, da dare kowa ya dawo gida ya kwanta ya ɗauki waya. Ƙarfe uku na dare kai da masu gadi ne kawai kuka rage.

Ɗan Rigasa:
To Injiniya su ƙara ƙarafan mana, ba don haka muka biya ƙarin ba?

Injiniya:
Nan ne kuɗi ya shigo. Hanya uku ce: ko a dasa sabon ƙarfe, ko a ƙaro zangon iska wanda gwamnati ke sayarwa kamar dai zangon gidan rediyo, ko a faɗaɗa wayar da ke kwaso kaya daga ƙarfen zuwa babban layi. Babu mai araha a ciki. Zangon 5G da aka yi gwanjonsa a Disamba 2021 MTN da Mafab kowannensu dala miliyan 273.6 ya biya, tun ba a ɗaura ko eriya ɗaya ba. Kayan da ke saman ƙarfen na Huawei ne ko Ericsson ko Nokia ko ZTE, da dala ake sayowa, ku kuma da naira kuke biya. A tsakiyar 2023 da aka saki naira dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin a yi nisa a 2024 ta haura 1,500. Ga kuma inji da ke shan gas dare da rana don wutar NEPA ba abin dogaro ba ce. Ƙarafan ma da yawansu ba na kamfanin layin ba ne, haya suke biya wa irin su IHS da American Tower.

Kwamared:
Injiniya da girmanka amma wannan karatun mun haddace shi, duk sanda talaka ya yi kuka sai a kawo masa labarin dala da gas. Mu ma da gas ɗin muke nika, mu ma dalar ta taka mu, wa ya ƙara mana kashi 50 a albashi rana ɗaya? Shekara ashirin da wani abu suna kwasar riba ba mu ji sun ce a rage ba.

Malam Mai Lissafi:
Kwamared ka yi haƙuri, asarar dai ba ƙirƙira ba ce, MTN Najeriya tana kasuwar hannun jari dole ta buga lissafinta kowa ya gani, ta bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, ta 2024 kuma ta kai wajen biliyan 400, galibi saboda faɗuwar naira. Kashi 100 ma suka nema aka ba su rabi. Amma ni ba kare su na zo yi ba, ina so in nuna wani abu da tambayar Ɗan Rigasa ta taɓo wanda ya fi batun ƙarin kuɗi muhimmanci.

Giga ɗin da ake sayar mana ba shi ne abin da ke wa kamfani tsada ba. In ƙarfe yana tsaye inji yana aiki kuma babu kowa a kai, giga ɗaya da zai bi ta cikinsa ƙarfe uku na dare kusan babu abin da ya ƙara wa kamfani na kashewa. Abin da ke cin kuɗi shi ne gina hanyar da za ta ɗauke kowa a sa'o'in nan uku ko huɗu na bayan magariba. Duk girman netwok don wannan ɗan lokacin ake yin sa, sauran yinin rabinsa a kwance yake. Amma mu farashi ɗaya ake yanka mana ko da hantsi ka ja ko ƙarfe tara na dare, to me zai sa wani ya ɗaga sauke fim ɗinsa zuwa safe tunda duk ɗaya ne a aljihunsa? Ku duba mai keke a bakin Kasuwa, kuɗin da zai kai ka Rigasa da hantsi ba shi zai karɓa ba ƙarfe shida na yamma da kowa ya taso, kuma wanda ba shi da gaggawa yakan ɗan zauna a shago sai hanya ta sarara. Data ce kawai muka ce ita dole kuɗinta ya zama ɗaya kowane lokaci, sai cunkoson ya karɓi nasa ta wata hanyar, ba ka biya da naira ba amma ka biya da jira.

Maman Ilham:
Tsaya Malam, kar dai ka ce so kake a ƙara mana kuɗin datar yamma? Innalillahi. Ashe da na sani ban yi magana ba.

Malam Mai Lissafi:
Hajiya ba ni na ƙirƙiro ba. Wani masanin tattalin arziki William Vickrey da ya koyar a jami'ar Columbia a Amurka ya shafe shekaru yana cewa duk abin da ake cunkoso a kansa a wani lokaci a bambanta kuɗinsa da lokaci, ya samu kyautar Nobel a 1996. Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari da mota a lokacin cunkoso tun 1975, Landan ta bi a 2003 da fam 5 a rana. Kuma ai muna yin sa a nan ba mu lura ba ne, datar dare da ake sayarwa da arha mece ce? Waɗanda suka yi zamanin kiran dare kyauta, samari ana kwana ana hira har asuba, kuna zaton ƙaunarku kamfani ke yi? Layin ne a kwance, gara a jawo ku can a rage nauyin yamma. Bambancin kawai suna kiran sa ragi maimakon su ce yamma ce ta fi tsada, don ragi ya fi daɗin ji.

Kwamared:
To ka ga inda muka rabu kenan. Wa ke da sararin amfani da waya da hantsi? Mai ofis da ke zaune ƙarƙashin esi da wayfai ɗin gwamnati. Lebura da ɗan acaba da mai ɗinki da ɗalibin da ya wuni a aji, dare kaɗai suke da shi. In ka tsawwala kuɗin yamma talaka ka kora daga layi don mai kuɗi ya kalli ƙwallo ba tangarɗa. A Landan wanda ba zai iya biyan kuɗin ba yana da jirgin ƙasa da bas, mu ina za mu koma, mu riƙa saita ƙararrawa ƙarfe biyu na dare don tura saƙo?

Abu Wayfai:
Bari in sa baki don ni a cikin harkar nake ci nake sha. Ina sayo layi da sari ina rarraba wa shaguna da ɗakunan ɗalibai ta wayfai. Mu a sari ba a sayar mana da giga sam, faɗin layi ake sayar mana, megabit kaza a daƙiƙa kuɗi kaza a wata, ko na cika shi ko na bar shi fayau kuɗin ɗaya ne. Manyan dillalai ma akwai wani lissafi da suke yi a tsakaninsu, duk minti biyar a auna abin da kake ja, ƙarshen wata a jera awon daga babba zuwa ƙarami a zubar da kashi 5 na sama, wato wajen awa 36 kenan a wata, abin da ya biyo baya shi za ka biya. Kun ga ko su ma lokacin da ka fi ja suke kallo ba jimillar abin da ka sha ba.

Kuma in faɗa muku gaskiya babu mai sana'ar nan da ba ya sayar da fiye da abin da ya sayo. In na sayo 50 na yi wa mutum talatin alkawarin 5 kowanne, lissafi ya ce 150, amma na san ba za su hau gaba ɗaya ba, da haka farashin ke saukowa har ɗalibi ya iya biya. In kana son naka kai kaɗai ba rabawa akwai shi, shi bankuna ke saye, amma ka ji kuɗin sai ka nemi kujera. Matsalata kullum mutum biyu ne ko uku, wani zai jona kwamfuta ya bar ta tana sauke finafinai yini da kwana, shi kaɗai ya cinye rabon mutum goma, sauran su zo suna zagina. Dole na sa wa kowa iyaka bayan magariba.

Ɗan Rigasa:
Af, ashe kai ma kana shaƙe mutane Oga Abu 😂 to ai ka amsa tambayata.

Abu Wayfai:
Ina shaƙe mutum uku don ashirin da bakwai su numfasa. Kuma ni na faɗa musu tun ranar da suka biya, a rubuce yake a jikin ƙofa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rubuta maka anlimited da manyan baƙaƙe sannan can ƙasa da ƙananan da ba mai karantawa a ce in ka kai giga kaza za a rage maka gudu. Rage gudun ba laifi ba ne, ɓoyewar ce cuta.

Injiniya:
Wannan gaskiya ne. Kuma ku sani cunkoso ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne, tun intanet tana jaririya take fama da shi. A 1986 wani layi tsakanin jami'ar Berkeley ta Amurka da wani ɗakin bincike da ke maƙwabtaka da ita ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40 kacal, saboda kowace kwamfuta in saƙonta ya ɓace sai ta sake turawa ta ƙara cunkushe hanyar. Van Jacobson ne ya fito da gyaran a 1988, cewa duk na'urar da ta ga kayanta na zubewa ta rage gudu da kanta sannan ta riƙa ƙarawa a hankali, har yau da wannan tarbiyyar wayarka ke aiki. Haka ma YouTube ke dusashe hoto da kansa in layi ya cika. Lokacin korona a Maris 2020 sai da Tarayyar Turai ta roƙi Netflix da YouTube su rage kyawun hoto don layuka su ɗauka, suka kuma rage. Ko Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 ana ta murna an huta, kafin ƙarshen 2024 sai da ya dakatar da karɓar sabbin masu gida a Legas da Abuja don sararin da ke saman garuruwan ya cika.

Hajiya Babba:
Ni fa yarana duk wannan turancin bai dame ni ba. Abu ɗaya nake so a gaya min, na sayi data da kuɗina ban cinye ba wata ya ƙare an ce ta mutu. Ina ta tafi? Wa ya ci?

Malam Mai Lissafi:
Ranki ya daɗe babu wanda ya ci, don dama ba a ajiye take a wani rumbu ba. Izinin hawa layi aka sayar miki na kwana talatin, sararin da ba a yi amfani da shi daren jiya ba ya wuce ba a adana shi. Suna sa wa'adi ne don su iya ƙiyasta nauyin da zai hau kansu kowane wata. Amma ban ce wannan ne kaɗai dalili ba, sun sani sarai wasu ba za su cinye ba kuma ragowar riba ce tsantsa, shi ya sa a 2018 NCC ta tilasta a riƙa maido wa mutum ragowarsa in ya sabunta cikin wa'adin da aka sa.

Hajiya Babba:
To Allah ya isa dai ban ce wa kowa ba, amma ina nan ina kallo.

Kwamared:
Hajiya ki faɗa kawai mu ce amin. Ni abin da nake so Malam da Injiniya su amsa shi ne wannan, wayoyin ƙarƙashin teku nawa ne suka sauka Legas? MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS ta zo, Equiano ta Google ta sauka a 2022, ga 2Africa. An ce mana intanet ta yi yawa har ba a iya shanye ta. To ina take?

Injiniya:
Tana Legas Kwamared, a bakin ruwa. Daga can zuwa Kaduna sai an haƙa ƙasa an binne faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar data, ɗaruruwan kilomita ta jihohi da yawa, kowace jiha da kuɗin izinin haƙa nata. Tun 2013 aka amince a kan naira 145 kowace mita amma jihohi da dama suka yi ta karɓar dubbai. A nan dole a yaba, a 2020 gwamnatin Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Sai dai yafewar jiha ɗaya ba ta gyara hanyar da ta ratso wasu ba, kuma ko an binne, mai aikin titi ya zo da katafila ya tsinke, ɓarawo ya haƙa yana zaton jan ƙarfe ne. In babban layi ya tsinke sai a karkatar da kaya ta wata ƙaramar hanya, nan take cunkoso ya tashi ko da rana tsaka. Kun tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka lalace a teku ta wajen Kwaddibuwa, bankuna suka rikice ana azumi? To irinsa ƙanana na faruwa a tudu kullum ba a labari. Kuma ƙarafa da yawa a bayan gari ba faiba ce ke ciyar da su ba, faranti ne ke harba wa faranti ta iska, abin da yake ɗauka bai kai na faiba ba.

Abin da ke ɗan taimakonmu shi ne manyan kamfanoni irin Google da Facebook suna ajiye kwafin bidiyon da aka fi kallo a cikin ƙasa, ga kuma IXPN inda layukan gida ke musayar kaya ba sai an zagaya Turai ba. Amma duk wannan bai faɗaɗa fuskar ƙarfen da ke kallon gidan Ɗan Rigasa ba.

Kwamared:
Madalla, to ka ga da bakinka ka faɗa, matsalar rashin gini ce ba yawan kallon talaka ba. Kuma ni tsorona da tsarin Malam shi ne, ranar da aka halatta wa kamfani ya caji ƙari saboda cunkoso to cunkoson ya zama kadara, me zai sa ya kashe dala ya kawar da abin da ke kawo masa kuɗi? Mai kekenka in ya tsawwala wasu ɗari na bayansa, nan kuwa kamfani huɗu ne, a wasu unguwannin ma ɗaya ne ke kamawa. Kar ku manta gasa ce ta taɓa sauko mana da farashi ba tausayi ba, ana ce mana lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba sai da Glo ta shigo a 2003 ta yi, nan da nan kowa ya iya. A ƙarshen 2016 kuma hukumar da kanta ta so ta sa farashin da ba za a sayar da data ƙasa da shi ba, sai da mutane da majalisar dattawa suka yi ca aka janye.

Malam Mai Lissafi:
Wannan hujjar taka mai ƙarfi ce, kuma saboda ita ne ni ba ƙarin kuɗin yamma nake nema ba. A bar na yamma yadda yake, a faɗaɗa ragin. Maimakon datar arha ta fara sha biyun dare lokacin da mai aikin safe ya yi barci, a yi ta daga asuba zuwa azahar ma, duk mai sabunta waya da mai sauke karatu da mai tura manyan bidiyo ya koma can da kansa. Sannan NCC ta riƙa buga gudun kowane layi unguwa unguwa a lokacin cunkoso, ba matsakaicin jiha ba wanda Unguwar Rimi da Barnawa za su rufa wa Rigasa asiri. In an ga wane layi ne ke mutuwa ƙarfe tara a Hayin Banki mutane za su san inda za su kai kuɗinsu.

Maman Ilham:
Malam ragin safe ba zai min komai ba fa, ni ba fim nake saukewa ba, mai saye ce ba ta zuwa sai dare.

Abu Wayfai:
Zai miki Anti, ba ke za ki matsa ba, masu nauyin ne za su matsa su bar miki wuri. Hotonki bai kai komai ba. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya a hoto na gama gari wajen giga ɗaya ne, a HD har uku, to mutum ɗaya da ya kunna HD a wayar da allonta bai kai tafin hannu ba ya ci wurin hotunanki ɗaruruwa. Kafin nan dai ki ɗora kayanki a status tun la'asar, da dare sai ki bar hira kawai, rubutu da muryar WhatsApp suna wucewa ko layi ya cika.

Ɗan Rigasa:
Injiniya tambaya ta ƙarshe, in na sayi wayar 5G zan tsira ko ita ma rabon ne?

Injiniya:
Ita ma rabo ne, sai dai hanyar ta fi faɗi kuma masu hawanta ba su yi yawa ba tukuna. Amma zangon da take aiki da shi ba ya nisa kuma ba ya ratsa bango sosai, don haka kafin ka sayar da akuyarka ka nemi mai irin wayar ya zo ɗakinka ƙarfe tara na dare ku gwada a kan layin da kake so, ba a bakin titi ba, a inda kake kwanciya.

Kwamared:
Wato dai maganin shi ne talaka ya sake sayen waya. Admin a rubuta ban gamsu ba, kuma Malam har yanzu bai faɗa min wa zai tilasta musu dasa ƙarfe a Rigasa ba in lissafinsu ya nuna kuɗin Barnawa ya fi.